Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Shirya Fina-finan Hausa da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano: Ku Shiga Gidan da Yaron Ya Fito

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku shugabannin ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, da furodusoshi da daraktoci da marubuta, da kuma shugabannin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ina gaishe ku da aiki. Ni malamin makarantar sakandare ne a cikin garin Gombe. Ba ni da hannu a sana'arku, amma 'yan ajina sun fi zama a hannunku a kan nawa, domin darasina minti arba'in ne, naku kuwa yana cikin wayar yaro har barci ya ɗauke shi. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku. Na haɗa ku a takarda ɗaya saboda buƙatata ba ta biyuwa sai kowane ɓangare ya amince: ina roƙon a yi mana fim na gaskiya a kan yaron da gidansu ya watse a kansa, a ɗauko labarin daga cikin gidan, a kuma bar shi ya ƙare yadda irinsa yake ƙarewa a unguwanninmu.

Na san kuna nuna kangararrun yara a fina-finanku. Amma ku duba yadda yaron yake fitowa. Ga shi nan da jajayen idanu, hula a karkace, yana jan magana, wuƙa a ƙugu, 'yan kallo su yi dariya ko su tsorata. Uwarsa na gefe da carbi tana kuka, uban ya ce ya sallama wa duniya shi. In aka nemi dalilin lalacewarsa, amsar ɗaya ce kullum, wato abokan banza. Can wajen ƙarshe 'yan sanda su kama shi, ko mota ta kaɗe shi ya farfaɗo a gadon asibiti yana neman gafara, malam ya zo ya yi nasiha, a rungumi juna, a rufe da hamdala. Uban da ya kalli wannan fim zai tashi ransa fes, tunda an gaya masa laifin na titi ne, shi ba ruwansa.

Ga abin da ni nake gani. Akwai wani yaro da na koyar, zan sakaya duk abin da zai sa a gane shi. Yana ɗan shekara shida aka saki uwarsa. Uban ya ce ɗansa ba zai yi agolanci a gidan wani ba, ya riƙe shi. Uwar ta yi aure a wani gari mai nisa, sai sallah sallah take aiko masa da yadi. Matar uban ba muguwa ba ce irin wadda kuke nuna mana, ba ta taɓa kai sunansa wurin boka ba, ba ta taɓa ƙona masa hannu ba. Mace ce mai nata 'ya'yan, da nata talaucin, da nata ciwon baya. Da ya kai sha uku aka ce ya girmi kwanan ɗakin mata, aka mayar da shi shagon ƙofar gida wurin ƙannen uba da abokansu. Da dare a zuba masa tuwo a kwano, a rufe da faifai, a ajiye a zaure. In ya dawo da wuri ya ci, in ya yi dare tuwon ya kwana. Da safe a aiko yarinya ta ɗauki kwanon ta wanke, babu mai tambayar ko an ci ko ba a ci ba.

Ranar da aka kama shi da kwalbar maganin tari a cikin jakar makaranta, muka aika wa uban. Dattijo ne kamili, ba ya rasa jam'i, kowa na ganin girmansa a unguwa. Ya zauna a ofis yana jujjuya hularsa a hannu, yana cewa wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa, yaran zamani ne sai addu'a. Shugaban makaranta zai cike takarda, sai ya tambaye shi, "Alhaji, aji nawa yake?" Uban ya yi shiru. Sannan ya waiwaya ya kalli ɗan, yana jiran ɗan ya ba shi amsa. Yaron bai ɗaga kai ba, yana ta murza bakin rigarsa da yatsa.

Wannan waiwayen shi ne fim ɗin da nake roƙonku. Babu jini a ciki, babu wuƙa, babu zagi, amma duk uban da ya gan shi a allo sai ya lissafa 'ya'yansa kafin ya kwanta. Yaron dai bai gama makaranta ba. Ganina da shi na ƙarshe, yana maƙale a bayan motar kamfen da gora a hannu.

Mu a Gombe muna kiransu Kalare, a Bauchi Sara-suka, ku a Kano 'yan daba. Tun a 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan siyasar ta'addanci a Najeriya, ta ware wa Gombe sashe guda, inda ta bayyana yadda 'yan siyasa suke amfani da 'yan Kalare. Yaran da aka yi maganarsu a wancan rahoto yau wasunsu iyaye ne, wasu suna kabari, kuma ƙannensu sun gaje su. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A arewa maso gabas jiharmu ce a sama. Ɗan siyasa yana ɗaukar yaro ne a inda ya same shi a yashe, mai sayar da ƙwaya ma haka. Wanda ya yasar da shi fa? Shi ne mutumin da har yau kyamararku ba ta juya ta kalla ba.

Kun ga abin da hoto yake iya yi. An daɗe ana wa'azi a kan kodin, ana rubutu a jaridu, ana taro a otal. A 2018 BBC ta fitar da binciken da ta yi da ɓoyayyiyar kyamara, aka ga yara ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano, aka ga yadda kwalaben suke fita ta bayan fage daga hannun ma'aikatan kamfanonin magani. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2019 kuma 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara suke saya. Ku yi tunanin daren da uwa da uba suka zauna suka yanke shawarar kai ɗansu gidan mari, da ƙaryar da aka yi masa da safe don ya shiga mota. Wace soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka ce ta kai wannan labari nauyi?

Akwai wani fim na Ingila da nake so marubutanku su nema su nazarta, sunansa Fish Tank, na 2009, wata mata Andrea Arnold ce ta rubuta ta kuma ba da umarni. Tun da wuri ina faɗa, akwai abubuwa a cikinsa da ba su dace da addininmu da al'adarmu ba, kuma ba kwaikwayonsu nake nema ba. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 15 mai suna Mia, a rukunin gidajen talakawa a yankin Essex. An kore ta daga makaranta, ba ta da ƙawa, bakinta ba ya furta komai sai zagi. Uwarta matashiya ce mashayiya wadda ba ta da lokacinta, uba kuwa babu ko labarinsa. Sai uwar ta kawo wani saurayi gidan. Shi ne mutum na farko da ya yi wa yarinyar magana mai daɗi, ya yaba mata, ya ɗaure mata ƙafa da ta ji ciwo. Kuma shi ne ya lalata ta, daga baya ta gano yana da mata da 'ya a wani wuri. A ƙarshe babu wanda ya tuba, babu wanda aka hukunta, yarinyar ta tattara kayanta ta bar gidan.

Abin da ya kama ni shi ne yadda aka yi aikin. Yarinyar da ta fito a matsayin Mia, Katie Jarvis, ba ta taɓa yin fim ba. A tashar jirgin ƙasa ta Tilbury aka hango ta tana faɗa da saurayinta, aka nemi ta zo gwaji. An ɗauki fim ɗin bi da bi yadda labarin yake tafiya, ana ba 'yan wasa takardar labarin kaɗan kaɗan, don kada su san abin da ke gaba. Kyamara tana bin yarinyar duk inda ta sa ƙafa, abin da ba ta gani ba kai ma ba za ka gani ba. A minti goma na farko za ka tsane ta. Kafin a kai rabi za ka fahimci cewa zagin nan shi kaɗai ne abin da aka koya mata a gida. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2009, ya kuma ci kyautar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi fice a 2010. Babu gidan bene mai ƙyalli a ciki, babu jerin motoci. Ƙarfinsa duka a gaskiyarsa yake.

Kada wani ya ce ai wannan salon Turawa ne, Bahaushe ba ya son labari mai ɗaci. Daga ƙasar Bauchi, maƙwabtanmu, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a 1934, labarin yaron da aka raba da uwarsa, aka sayar da shi, aka tsallaka Sahara da shi. Uwar ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, kuma da ƙyar ta gan shi kafin ta rasu. Marubucin bai tausaya wa mai karatu ya sassauta ba. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kuma bayan an gyara tsohon kwafinsa an nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan gado namu ne, ya girmi Turmin Danya na 1990 da ake ƙirga farkon fim ɗin bidiyo na Hausa daga kansa, ya girmi sunan Kannywood ɗin ma.

Yanzu gare ku, shugabannin Hukumar Tace Fina-finai. A 2021 hukumarku ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finai, a 2024 kuma ta sanar da hana fina-finan daba. Na fahimci dalilinku, kuma ban raina shi ba. Ni da kaina na ji yara a filin makaranta suna kwaikwayon maganar 'yan daban fim, suna laƙaba wa juna sunayensu. Fim ɗin da yake mayar da ɗan daba gwarzo, a sa masa kiɗa in zai shigo, a nuna kowa na rusuna masa, wannan ku hana, ina bayanku. Sai dai dokar da ta hana nuna abin baki ɗaya tana kama mai tallata ɓarna, ta haɗa da mai son tona tushenta. Furodusa ɗan kasuwa ne. In ya san labarin yaro mai shan ƙwaya zai iya jawo masa dakatarwa, ba zai ma tsaya bambance wanne aka hana wanne aka bari ba, zai koma kan rikicin kishiyoyi da gadon Alhaji, inda babu mai taɓa shi.

Roƙona gare ku shi ne ku rubuta ƙa'ida a fili wadda ta raba tsakanin ɗaukaka laifi da nuna sababinsa da sakamakonsa, ku buga ta kowa ya gani. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana da tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo, akwai na 'yan 15, akwai na 'yan 18. Ku yi aiki da irin wannan. Ku zaunar da likitan ƙwaƙwalwa da alƙalin kotun shari'a da malamar makaranta a cikin masu duba irin waɗannan labarai, mutanen da suke ganin yaran nan ido da ido. Kuma kada ku tilasta wa marubuci ya liƙa tuba a ƙarshen labarinsa kafin ku sa masa hannu. Tubar da ba ta da tushe a cikin labari yaro ma ya san ƙarya ce, kuma da zarar ya gane an yi masa ƙarya a ƙarshe, ya zubar da duk abin da aka gaya masa a farko.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai. Za a ce wannan tonon asiri ne, Bahaushe an san shi da rufin asiri, kuma fim ɗin da ya nuna gazawar uba zai koya wa 'ya'ya raina iyaye. Wannan magana tana da nauyi a wurina, ni ma uba ne. Amma Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin 'yan uban da suka jefa ƙaninsu a rijiya suka zo wa mahaifinsu da riga da jinin ƙarya, ya kuma kira surar mafi kyawun labari. Ya ba mu labarin ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Muna yawan karanta wa yara haƙƙin iyaye, kuma daidai ne. Haƙƙin ɗa a kan uba fa, wa yake karanta wa uban?

Ga misali ɗaya da marubutanku za su iya gina fim sukutum a kansa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙon yana komawa ne ga kaka ta wajen uwa, uba kuma ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa duk inda yaron yake. Wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Amma a aikace me muke yi? Ana yaye yaro uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, ko kuma ya bar wa uwar su duka ba tare da ko ƙwayar masara ba, ta koma gidansu da yara huɗu, ta ɗora wa babbar tallar goro ko dafaffiyar gyaɗa ta tura ta tasha. Mata da yawa ba su ma san shari'a ta ba su wannan haƙƙi ba. Fim ɗaya mai kyau zai kai wannan ilmi ɗakunan da wa'azin masallaci ba ya shiga.

Na ambaci 'yar talla, kuma ina so ku tsaya a kanta, don kada a ɗauka maganar ta maza ce kawai. Yarinyar da take fita da faranti bayan la'asar, an ce kada ta dawo sai ta sayar, ta san abin da zai same ta in ta dawo da kwantai. Mutumin da zai saye kayan duka ya ƙara mata da ɗari biyar, ya ce mata tana da kyau, shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mata magana mai daɗi. Daga nan labarinta da na Mia ta Essex hanyarsu ɗaya. Kuna iya nuna wannan duka ba tare da an taɓa ko gefen mayafi ba. Kun ƙware wajen nuna soyayya ba tare da haɗa jiki ba shekara da shekaru, don haka nuna cutarwa cikin mutunci ba zai gagare ku ba.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita ce a ranku. Kasuwar faifai ta mutu, yanzu abincinku yana YouTube da tashoshin talabijin, kuma dogon shiri mai kashi hamsin shi yake kawo talla. Ban ce ku bar shi ba. Amma irin fim ɗin da nake magana ba ya cin kuɗin hayar gidan alfarma, ba ya buƙatar tauraro mai tsada, ba ya buƙatar waƙa ko ɗaya. Gida ɗaya na ƙasa da zaure da shago, layi ɗaya, makaranta ɗaya, bakin kasuwa. Abin da yake ci shi ne lokaci: marubuci ya yi wata da watanni yana zama da yaran, yana jin yadda suke magana, kafin ya ɗora alƙalami. Akwai matasa da suka yi karatu a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ga su nan suna ɗaukar bidiyon biki don su ci abinci. Ku ba ɗayansu dama. In ƙungiyar MOPPAN ta ware tallafin fim ɗaya irin wannan a shekara, ko gajere ne na minti talatin, ta tsaya masa a gaban hukuma, an fara.

Kuma in za ku yi, don Allah ku fito daga Kano ku zo nan. Ku bar yaran su yi Hausarsu ta Gombe yadda suke yinta, da Fulatancin da yake faɗowa a tsakiyar magana, kada a gyara musu baki. Ku zaga Jekadafari da Bolari da Pantami da Herwagana, ku zauna da masu unguwanni, su suka san gidan da aka yi saki uku a shekara ɗaya. Ku zauna a bayan kotun shari'a ranar da ake shari'ar ciyarwa ku saurara. Ku nemi tsofaffin 'yan Kalaren da suka ajiye makami suka kama acaɓa ko kanikanci, ku tambaye su wa yake ba su abinci suna 'yan shekara goma, a ina suke kwana, yaushe rabon da uba ya kira su da sunansu ba don aike ko faɗa ba. Ku nemi izinin iyaye kafin ku sa kowane yaro a gaban kyamara, ku biya shi haƙƙinsa, kada kuma ku ɗauki labarin gidan wani yadda maƙwabta za su gane shi.

Mu malaman makaranta muna nan, kuma da yawanmu a shirye muke mu zauna da duk marubucin da ya zo da niyyar wannan aiki. Daga hukuma kuma ina jiran amsa a bainar jama'a a kan tambaya ɗaya: in furodusa ya kawo muku labarin yaron da sakacin gida ya kai shi ga ƙwaya da daba, ba a ɗaukaka laifin ba, ba a kuma rufe da tubar dole ba, za ku sa masa hannu?

Allah Ya yi muku jagora, Ya shirya mana zuriya.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
Malamin makarantar sakandare, Gombe.